Tashoshin wasanni na tashi daga AM zuwa FM: sigina ce ta kore su ko gasa?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ga batun da nake so masana su sa baki. Tsakanin 2007 da 2013 manyan tashoshin rediyon Amurka masu hirar wasanni dare da rana suka riƙa barin AM suna komawa FM, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ɗau hankalina shi ne kusan babu wadda ta tashi don ganin damarta. Sai da wata ta buɗe a FM a gari ɗaya da ita, sannan ta zabura.

Ku dubi Boston. WEEI tana kan mita 850 a AM, ita ke cin kasuwarta ba mai ja da ita. Ranar 13 ga Agustan 2009 kamfanin CBS ya buɗe 98.5 The Sports Hub a FM, da wasannin ƙungiyoyin yankin, Patriots da Bruins, a hannunsa. Shekara biyu tsakani, ranar 12 ga Satumban 2011, WEEI ta hau 93.7 FM. A Filadelfiya ma haka: 97.5 The Fanatic ta shigo FM a 2009, WIP ta bar dogaro da 610 ta hau 94.1 a Satumban 2011. A Niyok tashar ESPN ta tashi daga 1050 ta hau 98.7 a ƙarshen Afrilun 2012, kafin shekarar ta fita WFAN ta samu 101.9. To AM ɗin ce ta gaza, ko kuwa gasa ce ta tilasta?

Injiniya Mai Eriya:
Wa alaikumus salam Malam. Duka biyun ne, amma a fara da ƙasa, ƙasar da ake takawa nake nufi. Siginar AM da rana a kan doron ƙasa take tafiya, don haka irin ƙasar wurin ita ke yanke nisan da za ta kai. Ƙasa mai danshi da laka tana ɗaukar ta nesa, mai dutse ko busasshen rairayi tana shanye ta. Yankin Boston dutse ne, ma'aunin ɗaukar siginar ƙasarsu bai wuce 0.5 zuwa 2 ba, alhali filayen tsakiyar Amurka na kaiwa 15 zuwa 30, ruwan teku kuwa 5,000. Shi ya sa aka kafa eriyar WFAN a tsibirin High Island, ruwan gishiri ya kewaye ta. WEEI da WFAN duk kilowat 50 suke, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda wa AM a can, amma isar su ba ɗaya ba ce.

Sai matsalar dare. Da rana akwai wani sashe na sararin sama da ke shanye siginar AM idan ta yi sama. Rana na faɗuwa sashen nan ya ɓace, sigina ta dako sama ta dawo ƙasa a nisan ɗaruruwan kilomita. Wannan ya sa ake jin tashar wata ƙasa da dare. Amma kuma shi ya sa tashoshin da ke mita ɗaya ke hawa kan juna. A mita 850 tashar KOA ta Denver ce ke da fifiko, dole WEEI ta karkatar da siginarta don kada ta shiga gonarta, wato ta rage ƙarfi ta yamma. Gabashin Boston teku ne, unguwannin masu hali da yawa kuma ta yamma suke. Yanzu ku tuna da lokacin sanyi a can rana kan faɗi tun kafin ƙarfe biyar na yamma, daidai lokacin da mutane ke cikin mota suna komawa gida, daidai lokacin shirin da ya fi kowanne kawo kuɗi.

Maman Ilham:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai matsalar nan ta dare tana nan tun shekaru aru-aru kuma WEEI na samun riba da ita. Abin da ya sauya shi ne ma'auni. Masu talla a tashar wasanni ba yawan jama'a kawai suke saye ba, maza 'yan shekara 25 zuwa 54 suke nema, don su ke sayen mota da inshora da kayan gini. Mai shekara 60 ko ya kwana da rediyo a kunne ba ya shiga lissafin da ake yanka farashi da shi.

Da can littafi ake raba wa mutane su rubuta abin da suka saurara a mako. Mutum kan rubuta sunan tashar da ya saba da ita ko bai kunna ta sosai ba, wannan kuwa tsohuwar tasha yake taimaka wa. Daga 2007 kamfanin Arbitron, wanda Nielsen ya saye a 2013, ya fara raba wata 'yar na'ura da ake ratayawa a jiki, tana jin abin da kunnen mutum ke ji, ta rubuta da kanta. Filadelfiya na cikin garuruwan farko. Nan ta bayyana ƙarara cewa samari a FM suke yini, da yawansu ba sa ma taɓa maɓallin AM. Tashar da ke FM tana tsintar wanda ya gaji da waƙa yana juya rediyo. Wadda ke AM sai wanda ya yi niyya ya je neman ta.

Ɗan Fagge:
Hajiya wannan na'urar ta yaya take gane tashar? Kuma me ya hana ta ƙirga AM daidai da FM?

Injiniya Mai Eriya:
Ƙanina, kowace tasha tana da akwati a situdiyo da ke cusa wata lamba a cikin sautin, tsakanin kilohaz 1 da 3, a ɓoye ƙarƙashin muryar yadda kunne ba ya ji. Na'urar jiki ita ke tsinto lambar. Lambar tana buƙatar sautin da za ta laɓe a bayansa. Waƙa ba ta yankewa, don haka lamba na fita koyaushe. Magana kuwa tana da numfashi da shiru, in mai gabatarwa ya yi jim ko muryar mai kira a waya ta yi ƙasa, lamba ba ta fita da kyau. Ƙara shuu da ƙarar AM a kai, ka ga minti na zubewa. Ƙa'idarsu da ita ce sai an ji ka minti 5 a cikin kowane kwata na awa kafin a ba ka kwatan, a farkon 2025 aka mayar da shi minti 3. Wanda ya saurari minti 6 amma na'ura ta kama 4, a tsohuwar ƙa'ida tasha ta tashi a tutar babu.

Ƙarar kuma ƙaruwa take yi kowace shekara. AM tana ɗauke da sauti ne a hawa da saukar ƙarfin sigina, to duk wani tartsatsin lantarki shi ma hawa da sauka ne, rediyo ba ta iya bambancewa. Cajar waya, ƙwan LED mai araha, inbata, kwamfuta, wayar wuta mai sako-sako, walƙiyar damina, duk suna shiga. FM a sauyin mita take ɗauke da sauti, rediyo na aske hawa da saukar ta zubar. Ga faɗin sauti: FM na kaiwa kilohaz 15, yawancin rediyon AM da ake ƙerawa yanzu ba sa wuce 3 zuwa 5, shi ya sa murya ke fita kamar ta tsohuwar wayar tarho. A ginin ofis mai ƙarfe da kankare kuwa AM kan mutu murus.

Bazazzagi:
Ni ban yarda a ɗora wa sigina komai ba. In FM ce magani, me ya sa The Ticket ta Dalas, a kan 1310 AM, ta riƙe mutanenta bayan 105.3 The Fan ta buɗe a FM a Disambar 2008? Sai a 2013 ta ƙara 96.7, kuma ba a durƙushe ta je ba. Masu gabatar da shirinta ne mutane ke bi. A Boston ma, Sports Hub ba da mita kaɗai ta zo ba. Ta zo da wasannin ƙungiyoyi biyu, ta zo da shirin safe na Toucher da Rich waɗanda daga tashar kiɗa suka fito, sun san yaren samari, ta zo da Felger da Mazz da yamma. WEEI ta hau FM a 2011, amma hawan bai dawo mata da kambunta ba. A farkon 2013 ta sallami Glenn Ordway, wanda ya daɗe yana jan shirin yamma, a shekarar kuma wasannin Celtics, ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin, suka koma Sports Hub. Mutumin da ya riga ya ajiye wata tasha a maɓallin farko na motarsa, don ka biyo shi FM ba zai cire ta ba.

Baban Khalifa:
Malam Bazazzagi, hujjarka ta Dalas mai ƙarfi ce, amma ga Detroit a ɗaya gefen. WDFN a 1130 AM tana da masu gabatarwa da aka sani, ita ta fara harkar a garin. A Oktoban 2007 97.1 The Ticket ta hau FM da wasannin ƙungiyoyin garin. A Janairun 2009 aka soke shirye-shiryen gida na WDFN, a 2020 ta bar wasanni gaba ɗaya. Kamfaninta bai ba ta FM ba, ta tafi. Sannan dubi Shikago: The Score a 670 da ESPN a 1000 sun shafe shekaru masu yawa dukansu a AM ba wanda ya yi gaggawa, domin ƙasarsu na ɗaukar sigina, kuma a tsawon shekarun nan babu ɗayansu da ya riga ɗan'uwansa hawa FM. Wannan ne ya sa nake ganin gasa ce ke kunna wutar. Raunin AM yana nan kwance, ba ya cizo sai ranar da mai sauraro ya samu zaɓi.

Bazazzagi:
Na karɓi wannan. Amma a rubuta cewa jinkiri ne ya cuci WEEI fiye da mita. Shekara biyu cur ta bar wa abokiyar hamayya filin FM ita kaɗai.

Maman Ilham:
Jinkirin ma yana da dalili, ba sakaci ba ne zalla. FM ba a tsintar ta a babban gari, duk mitocin an rabe su. Hanya huɗu ce kawai. Ko ka saya, kamar yadda CBS ya biya dala miliyan 75 ya karɓi 101.9 don WFAN. Ko ka yi haya, kamar yadda ESPN ta hayi 98.7 daga kamfanin Emmis a kan sama da dala miliyan 8 a shekara, kuɗin na ƙaruwa duk shekara. Ko ka yanka ɗaya daga cikin tashoshin kiɗanka. Ko ka nemi ƙaramar tashar maimaici.

Ta ukun ita aka fi bi, saboda dokar 1996 ta ce a manyan garuruwa kamfani ɗaya ba zai wuce tasha 8 ba, kuma kada fiye da 5 su kasance a zango ɗaya, wato AM ko FM. Wanda ya cika biyar ɗinsa a FM ba shi da ta cewa sai ya kashe ɗaya. Haka WBCN ta Boston ta tafi, haka WYSP ta Filadelfiya, haka Mike FM da ke kan 93.7, haka KFOG ta San Faransisko a 2019 lokacin da KNBR ta hau 104.5. A nan lissafin yake da ɗaci. Tashar kiɗa ba ta cin kuɗi sosai, wata ma kwamfuta ce ke juya ta. Ka kashe ta, kuɗin tallanta ya tafi ranar nan. Tashar wasannin kuma da ka ɗora a wurin ba sabon talla take kawowa ba, tallan da ke AM ne ake ji a wuri biyu. Da kana da shago biyu kowanne da cinikinsa, yanzu ciniki ɗaya ne a ƙofa biyu. Sai masu sauraro sun ƙaru har farashin dakika 30 ya tashi ya rufe wancan giɓin, sannan kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Duk manajan da ke riƙe da tashar kiɗa mai riba zai ja ƙafa, har sai ya ga asarar zama a AM ta fi.

Ɗan Fagge:
Ƙaramar maimaicin fa? Ai kamar ita ta fi sauƙi.

Injiniya Mai Eriya:
Ta fi sauƙin kuɗi, amma ka san abin da ka saya. Tun 2009 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yarda tashar AM ta maimaita shirinta a ƙaramar FM, aka ƙara buɗe ƙofar daga 2016. Iyakarta wat 250. Ba kilowat ba, wat. Dole isarta ta tsaya cikin da'irar AM ɗin ta rana ko kilomita 40 daga eriyar, wanda ya fi faɗi. Kuma ba ta da kariya: in babbar tasha ta kai ƙara cewa kana shiga mata, kai za ka rage ko ka kashe. 680 The Fan ta Atlanta ta yi amfani da irinta a 93.7. In an samu hasumiya mai tsayi a tsakiyar gari tana rufe cikin gari da kyau, amma mai zuwa aiki daga bayan gari zai rasa ta a hanya.

A FM tsayi ya fi wuta. Siginar a miƙe take tafiya, inda ƙasa ta lanƙwasa nan ta tsaya. Lissafin da ake yi da ka: ɗauki tushen murabba'in tsayin eriya a mita, ka ninka da 4.1, ka samu kilomita. Eriya mai tsayin mita 100 za ta ba ka wajen kilomita 41, mai 150 wajen 50, mai 400 wajen 82. Ka lura sai ka ninka tsayi sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. Tashoshin da ke saman ginin Empire State, har da 101.9, kusan kilowat 6 kawai suke fitarwa, amma daga sama da mita 400. Wanda ya sa kilowat 20 a kan ƙarfe mai mita 60 ya ƙona dizal ne kawai.

Shi ya sa WFAN ba ta saki 660 ba har yau. Da dare ana jin ta a jihohi da dama na gabashin Amurka, abin da 101.9 ba za ta taɓa yi ba.

Baban Khalifa:
Injiniya, a ce an samu mitar. Me ake yi daga nan zuwa ranar hawa, kuma ina aka fi tuntuɓe?

Injiniya Mai Eriya:
Kafin a sa hannu a takarda, a ɗora taswirar isar FM ɗin a kan taswirar inda masu sauraron AM suke zaune, unguwa unguwa. Kada a tsaya a takarda, a shiga mota da rediyon mota na gama-gari a bi manyan hanyoyin shiga gari da safe da yamma, a shiga ƙarƙashin gada da tsakanin dogayen gine-gine. A nan ake jin fat-fat ɗin da ke faruwa idan sigina ta dako gini ta iso sau biyu. Eriyar 93.7 ta Boston a Peabody take, arewa da gari, don haka kudancin gari sai an auna, ba a ɗauka kawai.

Sai hanyar kai sauti daga situdiyo zuwa hasumiya. A yi biyu, ɗaya ta iska ɗaya ta waya ko intanet, da na'urar da ke juyawa da kanta in ɗaya ta yanke. Wasa na minti na ƙarshe ba ya jiran a tada injiniya daga barci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki sautin da aka gyara don AM a tura shi FM. Na'urar gyaran sauti ta AM tana matse murya ta tura tsakiyarta gaba don ta huda ƙara. A FM wannan matsin gajiyar da kunne yake yi. Kowane zango da na'urarsa, a raba sautin tun kafin gyara. Kuma FM tona asiri take: ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, ƙarar kujera, makirfo mai araha, layin waya mai tsatsa, duk abin da AM ke rufewa zai fito fili. A gyara situdiyo tukuna. A duba kuma ma'aunin ƙarin kaifin sauti, Amurka 75 take amfani da shi, Turai da Afirka 50. Wanda ya sayo na'ura daga Amurka ya kafa a nan bai sauya ba, harafin "s" zai riƙa tsaga kunne.

Sitiriyo ko mono? Ga tashar magana ni mono nake ba da shawara. Sitiriyo na ƙara shuu sosai a inda sigina ta yi rauni, wajen desibel 20 a gefen da'ira. Kashe shi na ƙara maka unguwannin da ake jin ka tsaf ba tare da ƙarin wat ɗaya ba. Masu talla wani lokaci kan so sitiriyo saboda kiɗan tallansu, sai a auna wanne ya fi.

Na ƙarshe, jinkirin sauti. Shirin kiran waya yana da jinkirin dakika 7 ko fiye don a datse zagi. Dole na'urar ta zauna kafin inda aka raba sauti, in ba haka ba ka datse a AM ya fita a FM. Tashar da ke da HD Radio, wato tsarin rediyon dijital na Amurka, kuma tana da wani jinkirin na kusan dakika 8, wanda ake kashewa lokacin wasa saboda masu rediyo a cikin filin wasa, kada su ga ƙwallo a raga sannan su ji mai sharhi yana cewa za a buga.

Maman Ilham:
In ƙara a kan na Injiniya ta ɓangaren takardu. A buɗe kowane kwantiragin haƙƙin watsa wasa a karanta. Wani an rubuta mita ƙarara a ciki, wani ya hana wata tasha watsawa a yankin ƙaramar tashar da ke karɓar wasan daga gare ka, kuma sabuwar FM ɗinka na iya shiga yankin. Sannan in kana so a haɗa maka alƙaluman AM da FM a layi ɗaya, sai shirin ya zama iri ɗaya ɗari bisa ɗari har da talla. Ka raba talla don ka sayar sau biyu, a raba maka alƙaluma, kowanne ya fito ƙarami a gaban mai talla.

Suna ma aiki ne. Mitar FM ce za ta zo farko a kowane kirari na tasha, a allunan kan hanya, a bakin kowane mai gabatarwa, sau da yawa a awa. WEEI ta yi wajen wata 13 tana watsawa a duka biyun kafin ta mayar da 850 ta shirye-shiryen ESPN na ƙasa a Oktoban 2012. WIP ta yi haka har Janairun 2013. Wanda ya yanke AM da wuri zai zubar da dattawan da suka riƙe shi shekara ashirin, su ne kuma masu kiran waya.

Bazazzagi:
Kuma tsohuwar AM tana da amfanin da ba a cika faɗa ba: ranar da wasa biyu suka haɗu. Tashar da ke riƙe da besbol da ƙwallon kwando, ko hokin ƙanƙara, dole wata rana su faɗo awa ɗaya. Babban wasa ya hau FM, ɗayan ya sauka AM. Mai mita ɗaya sai ya je roƙon wata tasha. Wannan kan shiga ciniki lokacin da ƙungiya ke zaɓen wanda za ta ba wasanninta. Yankees, ƙungiyar besbol ta Niyok, sun koma WFAN daga kakar 2014, bayan ta zama tana da zango biyu.

Ɗan Fagge:
Ranku ya daɗe, duk wannan ba tarihi ba ne? Ku dubi abin da ya faru a Niyok a 2024. Kamfanin Good Karma da ke tafiyar da tashar ESPN ya ƙi sabunta hayar 98.7, ya bar FM, ya koma 880 AM a watan Agusta bayan an rufe tashar labarai ta WCBS, ya ce sauran a same shi a manhaja. Wato an yi tafiyar an dawo. In waya na hannun kowa, wa zai biya miliyoyi don mita?

Maman Ilham:
Ƙanina, misalin gaskiya ne, amma karanta shi da kyau. Hayar 98.7 suka gudu, ba FM ba. Shekara 12 suna biya, kuɗin na hawa, ranar ƙarshe ko ƙusa ba tasu ba ce. WFAN da ta saya tana nan a 101.9. Kuma ba 1050 mai karkatacciyar sigina suka dogara da ita ba, 880 suka nema, kilowat 50 ba karkata, a tsibiri ɗaya da eriyar 660. Irin wannan AM ɗin ba ta da yawa a ƙasar.

Manhaja kuma tana da nata cikas. Sautinta kan makara da dakika 30 ko fiye, saƙon sakamako ya riga shi shigowa waya. Manyan gasanni da yawa suna taƙaita wa tasha watsa wasa ta intanet, musamman wajen yankinta, don suna sayar da nasu. Kuma kowane ƙarin mai sauraro a intanet ƙarin kuɗi ne ga tasha, a iska kuwa mutum dubu da mutum miliyan wuta ɗaya suke ci.

Injiniya Mai Eriya:
Ga kuma mota. Injin motar lantarki da inbatarsa suna zuba ƙara daidai zangon AM, toshe ta kuma na cin kuɗi, shi ya sa Tesla da BMW da Volvo suka cire AM a wasu motocinsu. Ford ta sanar za ta cire, ta janye a Mayun 2023 da 'yan majalisa suka taso, a shekarar aka gabatar da ƙudirin tilasta AM a kowace mota. Wanda ya koma AM yau ya san da wannan a gabansa.

Filin eriya ma lissafi ne. Tsayin ƙarfen eriyar AM kan kai rubu'in tsawon igiyar sigina: na 660 wajen mita 114 ne, na 850 wajen 88, ƙarfen kansa shi ne eriyar. Ƙarƙashin kowane ƙarfe ana binne wayar tagulla 120 a baje kamar haskoki, kowace aƙalla tsawon ƙarfen. Mai karkatar da sigina yana buƙatar ƙarfe biyu, uku ko fiye. Kadada da yawa ke nan a bakin gari, ga ɓarayin tagulla, in suka yi gaba da wayoyin isa ta ragu ba tare da wata fitila ta nuna ja ba. An sayar da filin eriyar 630 na kusa da Washinton sama da dala miliyan 70 don gina gidaje. Eriyar FM kuwa tsawon igiyar siginarta wajen mita 3 ne kawai, hayar gefen hasumiyar wani ta ishe ta.

Baban Khalifa:
To mu a nan gida akwai abin ɗauka? Brila ta fara a Legas a 2002 a kan 88.9 FM kai tsaye, ba ta taɓa zama a AM ba balle ta yi ƙaura. Birtaniya kuma talkSPORT na 1053 da 1089, BBC 5 Live na 693 da 909, ba su samu gurbi a FM na ƙasa baki ɗaya ba, sai suka bi ta rediyon dijital na DAB da intanet.

Bazazzagi:
Ƙaurar irin ta Amurka ba tamu ba ce, tunda yawancin tashoshi masu zaman kansu a FM aka haife su. Inda abin ya shafe mu shi ne gidajen da ke da zango biyu, wane shiri za a sa a ina. Sharhin wasan Kano Pillars ko hirar Firimiya ta safiyar Litinin, samarin gari ne masu ita, kuma rediyon da ke cikin wayoyinsu FM ce kaɗai, wayar iyafis ce eriyarta. Waya ba ta da wurin sandar eriyar AM, kuma lantarkin cikinta zai kashe siginar. Shirin wasannin da aka ajiye a matsakaicin zango kaɗai ya yi sallama da waɗannan. Amma Rediyon Kaduna a 594 ko Nagarta a 747 suna kaiwa ƙauyukan da FM ɗin birni ba ta leƙawa, musamman da dare, kuma can ma akwai magoya baya. Wasan ƙarfe huɗu na yamma ya cancanci zango biyun, hirar bayan wasa da kiran waya ta fi zama a FM.

Ɗan Fagge:
Injiniya, in gidan rediyo zai haɗa biyun lokacin wasa kawai ya raba bayan an tashi, me zai kula da shi?

Injiniya Mai Eriya:
A haɗa su a teburin sauti, ba ta hanyar kama FM da rediyo a tura wa AM ba, don in FM ta ɗauke duka biyun sun tafi. Layin mai sharhi daga fili ya zama biyu a kan kamfanonin waya daban-daban, domin fili na cika hanyar sadarwa ke cushewa, yawanci daidai lokacin da aka ci ƙwallo kowa ya ɗaga waya. Sautin da ake mayar wa mai sharhi a kunne kada a sa muryarsa a ciki, in ba haka ba zai riƙa jin kansa a makare yana sarƙewa. Makirfon hayaniyar 'yan kallo a rage shi a ɓangaren AM fiye da na FM, saboda matsin AM na ɗago hayaniyar ta danne muryar. A gwada janareton tashar AM da cikakken lodi kwana ɗaya kafin wasa: na'urar kilowat 50 na iya jan fiye da kilowat 70 idan murya ta cika ta, ta FM mai kilowat 10 kuwa wajen 14 take ja, don haka janareton da ya ɗauki ɗaya lafiya ba hujja ba ne a kan ɗayar. Kuma a sa mutum ɗaya a waje da rediyo biyu masu batir, ɗaya a kowane zango, da lambar ɗakin sarrafawa a hannunsa, tun minti 30 kafin a take ƙwallo.